Ina son hokin ƙanƙara amma gem ɗinsa babu a kwamfuta: in sayi PS5 ko in haƙura?

Baƙon_Edmonton:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema. Tun da karatu ya kawo ni Edmonton a Kanada hokin ƙanƙara ya shiga raina, don garin nan daga direban bas har malamin aji babu hirar da ake yi sai ta Oilers, ƙungiyar hokin garin. Ina da kwamfutar gem mai ƙarfi wadda na haɗa da hannuna, a kanta nake buga komai. Da NHL 26, gem ɗin NHL wato babbar gasar hoki ta Kanada da Amurka, ya fito a watan Satumban 2025 na je in saya, sai na tarar PS5 da Xbox Series kaɗai aka yi wa. To yanzu in zuba kuɗi in sayi PS5 saboda gem ɗaya tak, ko in tsaya a kallo? Ni dai a ganina kwamfuta ta fi konsol ta kowace fuska, wannan ne kawai ya ɗaure ni.

Kwamfuta_Zalla:
Wa alaikumus salam. Kada ka saya. Kamfanin EA rabonsa da fitar da hoki a kwamfuta tun NHL 09, a 2008. Madden, gem ɗinsu na ƙwallon Amurka, shi ma sun daɗe da janye shi, amma a 2018 suka dawo da shi kwamfuta. Ƙwallon ƙafa kuwa duk shekara yana nan. Hoki kawai suka bari. In duk mai kwamfuta ya ruga ya sayi konsol saboda su, me zai sa su canza?

Sarkin_Fad:
Malam Kwamfuta_Zalla, ai shekara goma sha bakwai ke nan ana jiran su canza. Bawan Allah yana son ya buga wasa ne yau. Ɗan'uwa ka sayi PS5 ko da na hannu ne. Ka jona a talabijin, ka zauna, ka buga. Babu ruwanka da direbobin katin hoto, babu ruwanka da saitin wannan da wancan.

Ummu_Hanan_Calgary:
Kafin ka yanke shawara ka tambayi kanka da wa za ka buga. Gem ɗin hoki daɗinsa a cikin mutane yake. Yarana da 'ya'yan maƙwabta suna haɗuwa a falo ranar Asabar, fad huɗu, biyu-biyu, ihunsu har waje. Akwai kuma ɓangaren da ake haɗa kulob ta intanet, mutum shida da shida, kowa da ɗan wasa ɗaya har gola. In abokan karatunka suna ciki, ta nan za ka shiga cikinsu da sauri fiye da duk wata hanya. In kai kaɗai za ka riƙa bugawa da na'ura, ba zai kai ka wata uku ba ka gaji.

Ɗan_Fagge:
Ku yi haƙuri, ni fa ban gane wasan nan ba. Na gwada kallo a YouTube, ko abin da suke bugawar ba na gani. Mutane ne kawai ke ta shawagi suna bangazar juna. Wani ya yi mini bayani.

Mahaman_Montreal:
Ɗan_Fagge, kowa haka ya fara. Abin da suke bugawa fak ne, ɗan baƙin faifan roba mai tauri, nauyinsa wajen giram 170, kuma sai an daskarar da shi kafin wasa don kada ya riƙa tsalle. Kowane ɓangare mutum shida ne har da gola. Ana yin zubi uku, kowanne minti 20, kuma agogo yana tsayawa duk sanda aka busa. Abin da ya fi ruɗa sabon mai kallo shi ne canji: ba a jiran alƙalin wasa, ana cikin gudu wasu za su tsallake katanga su fita wasu su shigo, don gudun da ake yi a kan ƙanƙara ba wanda zai jure shi fiye da kamar daƙiƙa 45 a jere. Wanda ya yi laifi a zaunar da shi minti biyu, ƙungiyarsa ta buga da mutum ɗaya ƙasa, kuma a nan ake yawan cin ƙwallo. In ƙungiya tana baya da ci ɗaya a mintin ƙarshe, sai ta cire golanta gaba ɗaya ta sa ɗan gaba, ragar ta zauna wayam.

Sirrin kallo kuwa: daina neman fak da ido. Ka kalli inda 'yan wasa suka fuskanta da inda suke rugawa, a nan yake.

Ɗan_Fagge:
Na gode Malam Mahaman. Wato a cire gola a bar raga a buɗe? Wannan kam sai na sake kallo.

Injiniya_Zariya:
Bari in dawo da mu kan maganar na'ura, don ku na Kanada kuna magana ne da wuta a hannu dare da rana. Mu a nan lissafin daban ne. PS5 in ana wasa tana jan wajen watt 200. Katin hoto na RTX 4090 shi kaɗai watt 450 ne, ba a sa sauran kwamfutar da allo ba. In a kan inbata da sola kake, ko ƙaramin janareta, wannan bambancin shi ne tsakanin ka yi wasa da ka zauna a duhu. Shi ya sa duk gidan gem da ka shiga, daga Sabon Gari har Samaru, PlayStation ce a jere. Mai shago ba zai iya ciyar da kwamfutoci goma da fetur ba, kuma fad in ya lalace canza shi ba wuya.

Kwamfuta_Zalla:
Injiniya, ka ɗauko kati mafi cin wuta ka yi misali da shi. Wa yake sayen 4090 a cikinmu? RTX 4060 watt 115 ne, kuma yana buga kusan komai lafiya. Laftof ta gem kuma tana da batirinta, in an ɗauke wuta ba za ta mutu a tsakiyar wasa ba. Sannan kwamfuta da ita zan yi aikin makaranta, in gyara bidiyo, in koyi rubuta manhaja, in nemi kuɗi. Konsol fa? Wasa da kallon fim, shi ke nan. Ga shi sai ka biya kuɗin wata-wata kafin ka buga yawancin wasanni da mutane ta intanet, alhali a Steam, kasuwar gem ta kwamfuta, ba ka biyan wannan.

Injiniya_Zariya:
Maganar laftof gaskiya ce, amma zafin watan Afrilu ba ya raga mata. Da yawan waɗanda ake kawo mini gyara zafi da ƙura ne suka kashe su.

Hajiya_Bilki:
Ni abin da nake so in sani, akwai ma baƙar fata a wasan nan? Duk hoton da na gani Turawa ne.

Mahaman_Montreal:
Akwai Hajiya, ko da yake ba su da yawa. Na farko a NHL shi ne Willie O'Ree, da Boston a 1958.

Bazazzagi_Winnipeg:
Hajiya ai har haifaffen garinmu ya buga. Rumun Ndur a Zariya aka haife shi a 1975, ya girma a Ontario, ya buga wa Buffalo da New York Rangers da Atlanta a matsayin ɗan baya. Shi ne haifaffen Najeriya na farko a NHL. Akim Aliu ma a Okene aka haife shi. Amma babban cikinsu Jarome Iginla ne, mahaifinsa ɗan Najeriya, shi kuma a Edmonton aka haife shi. Ya yi shekaru yana kyaftin ɗin Calgary, ya ci ƙwallo 625, kuma shi ya miƙa wa Sidney Crosby fak ɗin da ya ci wa Kanada zinare a gasar Olamfik ta Vancouver a 2010. Anti Ummu_Hanan za ta ba ki labarin yadda ake ganin girmansa a can.

Ummu_Hanan_Calgary:
Ƙwarai kuwa. Lambarsa 12 an rataye ta a filin wasa, ba mai sake sa ta. Kuma Nazem Kadri da ya zo Calgary a 2022 Musulmi ne, iyayensa 'yan asalin Labanan. Da ya ci kofin Stanley, wato kofin zakarun NHL, da Colorado a 2022 ya kai shi masallacin garinsu, London ta Ontario. Ɗana ranar da ya ga hoton nan ya ce shi ma hoki zai yi. Abin da ya hana mu tsada ce. Takalmi, kwalkwali, sulken ƙirji da na ƙafa, sanduna masu karyewa, kuɗin rajista, ga tashin asuba a kai yaro fili cikin sanyi, kuma duk shekara yaro yana girma kayan su matse shi. Iyalai da yawa na baƙi a nan suke tsayawa. Shi ya sa ban raina gem ɗin ba, ta nan yarana suka san dokokin wasan da sunayen 'yan wasa har suke iya shiga hira a makaranta.

Sarkin_Fad:
Kun ji ko? Kuma a konsol suka koya.

Alhaji_Tsohon_Hannu:
Ku yaran yanzu kuna gardama a kan katin hoto. Mu a Sega muka fara ganin hoki, NHL 94, 'yan mutane ƙanana a allo, maɓalli uku. Har yau akwai masu shirya gasa a kansa. Baƙon_Edmonton, wannan kwamfutarka za ta buga shi ba tare da ta ji komai ba. Daɗin wasa ba a kyan hoto yake ba.

Baƙon_Edmonton:
Ranka ya daɗe Alhaji, na ji sunansa wajen 'yan ajinmu, iyayensu ne suke ba su labari. Amma ni McDavid, tauraron Oilers, nake so in riƙe a hannuna.

Kwamfuta_Zalla:
Akwai hoki a kwamfuta fa, ba na EA ba ne kawai. Franchise Hockey Manager yana nan in kana son irin na manaja, ka sayi 'yan wasa ka tsara layuka ka bi kakar wasa. Slapshot: Rebound kyauta ne a Steam. Tape to Tape ma yana nan. Ba su da kyan na EA, amma wanda yake son ya fahimci yadda ake gina ƙungiya a ƙarƙashin dokar ƙayyade albashi, na manajan zai koya masa fiye da kowanne.

Sarkin_Fad:
Karanta jadawali ba buga wasa ba ne Malam. Tun NHL 07 suka mayar da sandar ɗan wasa kan ɗan sandan dama na fad. Ka ja baya ka tura gaba ka harba, ka kaɗa hagu da dama ka yaudari gola. Da babban yatsanka kake jin abin. Ka zauna da kibod ka ce za ka yi wannan?

Kwamfuta_Zalla:
Fad ɗin naka ai yana aiki a kwamfuta. Ni da fad nake buga ƙwallo, da linzami nake buga Counter-Strike. Zaɓi nake da shi, kai ba ka da shi.

Nana_Maraɗi:
Ni faɗan da suke yi ne ya hana ni son wasan. Na ga bidiyon Kanada da Amurka na watan Fabrairun 2025, ana fara wasa suka zubar da safar hannu suka kama naushin juna, alƙalai suna tsaye suna kallo. Wannan wasa ne?

Mahaman_Montreal:
A nan garin aka yi shi Nana, a gasar ƙasashe huɗu. Faɗa uku cikin daƙiƙa tara na farko. A NHL hukuncin faɗa minti biyar ne a zaune, a Olamfik kuwa kora ce. Masu kare shi suna cewa yana hana a yi wa manyan 'yan wasa mugunta, don mai niyyar ya san akwai wanda zai tare shi.

Ɗan_Fagge:
To ai kamar dambe ne ke nan, mutum biyu sun yarda, akwai ƙa'ida, in ɗaya ya kai ƙasa a raba.

Likita_Sadiya:
Yardarsu ba ta kare ƙwaƙwalwarsu. Derek Boogaard yana cikin waɗanda aikinsu a ƙungiya shi ne faɗa. Ya rasu a 2011 yana da shekara 28, kuma da aka binciki ƙwaƙwalwarsa an sami ciwon nan da yawan bugun kai ke jawowa. Bob Probert ma an same shi da shi. Ina son wasan, ina kallonsa, amma duk sanda na ga 'yan kallo sun miƙe suna murna ana naushin kan mutum, raina yana ɓaci. A wasan Olamfik ba a yarda da faɗa ba kuma ba wanda ya ce ba shi da daɗi. A watan Fabrairun 2026 'yan NHL sun koma Olamfik a Milan, karon farko tun 2014, ku kalla ku gani ko za ku ji an rage muku wani abu.

Bazazzagi_Winnipeg:
Likita ina tare da ke a kan wannan. Faɗan ma ya ragu sosai in aka kwatanta da shekarun 1980.

Leafs_Har_Abada:
Baƙon_Edmonton, tun kafin ka yi nisa ina ba ka shawara ka shirya zuciyarka. Ƙungiyoyi 32 ne, bakwai a Kanada, amma rabon wata ƙungiyar Kanada da kofin Stanley tun Montreal a 1993. Mu a Toronto tun 1967 muke jira, kuma duk wasa filin cike yake. A 2025 ma Florida ta fitar da mu a wasa na bakwai a gidanmu, 6 da 1. Ban canza ƙungiya ba kuma ba zan canza ba.

Baƙon_Edmonton:
Ai na riga na ɗanɗana Yaya. Sau biyu a jere Florida tana doke mu a wasan ƙarshe. Ta 2024 ta fi ciwo: an ci mu uku a jere, muka rama uku a jere, garin nan ya ɗauka an gama, sai aka ci mu 2 da 1 a na bakwai. McDavid aka ba kyautar gwarzon gasar duk da an ci mu, bai ma fito ya karɓa ba. Jihar da ko dusar ƙanƙara ba ta sani ba ita ta ɗauki kofi a 2024 da 2025.

Mahaman_Montreal:
'Yan wasan Florida ɗin da yawansu 'yan Kanada ne ai. Ƙungiya ce ta Amurka, amma hannun da ya ɗaga kofin sau da yawa na nan ne. Mu dai a Montreal muna da kofi 24, ba wanda ya kusa.

Leafs_Har_Abada:
Da yawansu kafin a haifi iyayenmu aka ci su, lokacin ƙungiyoyi shida ne kacal.

Mahaman_Montreal:
Goma sha ukun naku ma duk kafin a ƙara ƙungiyoyi ne, Malam.

Gwanin_Lissafi:
Tunda an zo nan, McDavid bai kai Wayne Gretzky, tsohon tauraron Edmonton, ba kuma ba zai kai ba. Maki 2,857. In ka cire duk ƙwallayen da ya ci ka bar taimakon da ya bayar kaɗai, 1,963, har yanzu ya fi kowa maki a tarihi. Kofi huɗu ya ci wa Edmonton kafin a sayar da shi Los Angeles a 1988.

Bazazzagi_Winnipeg:
Ai an ce ƙwallaye 894 ɗinsa ma ba mai kamowa, ga shi Ovechkin ya wuce shi ranar 6 ga Afrilun 2025, kuma a adadin wasanni iri ɗaya, 1,487. Zamanin Gretzky gololi a tsaye suke tsaron raga da ƙananan kaya. Na yanzu ƙatti ne masu durƙusawa su toshe ƙasan raga gaba ɗaya. McDavid ya yi maki 153 a kakar 2022 zuwa 2023 a gaban irin waɗannan gololi. A wurina wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Gwanin_Lissafi:
Gretzky ya yi 215 a kaka ɗaya. Duk abokan zamaninsa gololi ɗaya suka fuskanta da shi, me ya hana su yi?

Kumasi_Zongo_Boy:
Ku dai kuna da lokaci. Wasan Edmonton a nan tsakar dare ake fara shi, ku na Najeriya da Nijar ma ƙarfe biyu ko uku. Wa zai tashi? Mu a nan waya ce konsol ɗinmu, eFootball da Call of Duty na waya. Gardamar kwamfuta da PS5 ta masu hali ce.

Injiniya_Zariya:
Gaskiya ka faɗa. PS5 dala 499 aka fara sayar da ita a 2020, ka juya wannan zuwa naira yau ka gani. Ga gem ɗin zamani sai ka sauke gigabait hamsin ko ɗari, kuma bayan ka sa faifai ma sai ya nemi sabuntawa. Da data ake biyan wannan duka.

Ummu_Hanan_Calgary:
Abu ɗaya da zan ƙara, ko wacce ka saya ka kula da ɓangaren sayen katunan 'yan wasa da kuɗin gaske. Yana cikin na hoki, yana cikin na ƙwallo. Kana biya ba ka san wanda zai fito maka ba. Ni na rufe shi da lambar sirri a gidana, kuma ina ganin ɗalibi mai lissafin kuɗin haya ya kamata ya nisance shi.

Sarkin_Fad:
Wannan gaskiya ne Anti. Wani abin kuma da Kwamfuta_Zalla bai faɗa ba: masu maguɗi sun fi yawa a kwamfuta. Shi ya sa da yawanmu in muna buga FC, gem ɗin ƙwallon ƙafa na EA, muke kashe haɗuwa da 'yan kwamfuta.

Kwamfuta_Zalla:
Ƙofar da mai maguɗi yake shigowa ita ce ƙofar da masu gyara suke shigowa. PES 2021 har yau yana raye a kwamfuta saboda masoya suna sa masa sababbin riguna da filaye da 'yan wasa. NHL 2004 ma akwai waɗanda suka yi shekaru suna sabunta shi a kwamfuta. Kai kuwa duk shekara sai ka sayi sabo, kuma daga NHL 25 mai PS4 an bar shi a baya.

Baƙon_Edmonton:
Na gode muku duka. Maganar Anti Ummu_Hanan ta tsaya mini, don 'yan ajinmu huɗu suna da kulob kuma gola suke nema. Na ga Xbox Series S ya fi araha, sai dai ba ya cin faifai, ba zan iya sayen gem na hannu ba. Kwamfutata dai ba zan sayar ba. Akwai wanda ya buga NHL a Series S ya gaya mini yadda yake?

Bazazzagi_Winnipeg:
Ina da shi, yana tafiya lafiya. Amma ka fara tambayar abokan naka wacce suke da ita, ka sayi irin tasu don ku riƙa aron fad da haɗuwa a ɗaki ɗaya. Kuma ka jira rangwamen ƙarshen Nuwamba. Gola fa shi ne wuri mafi wuya a gem ɗin, ka shiga horo kafin ka tsaya musu.

Kwamfuta_Zalla:
Kuɗin Series S ɗin nan zai ƙara maka ma'ajiya da allo mai kyau. Ina nan a kan bakana.

Ɗan_Fagge:
Malam Mahaman, na sake kallo kamar yadda ka ce, na bi 'yan wasa na bar fak. Yanzu ina gani. Amma me ya sa alƙali yake busa in an wulla shi daga wannan ƙarshen fili zuwa wancan?

Mahaman_Montreal:
Don kada ƙungiyar da aka matsa wa ta riƙa jefar da shi nesa tana hutawa. In ka wulla daga bayan jan layin tsakiya ya wuce layin ragar abokan hamayya ba wanda ya taɓa, sai a dawo da wasa gaban ragarku, kuma ba a yarda ku canza 'yan wasan da suka gaji ba. Sai dai in an zaunar muku da mutum kuna buga da ƙasa, a nan an halatta muku. Ka kalli Montreal da Toronto in sun haɗu ranar Asabar, ƙarfe bakwai na yamma a nan, wajen ɗaya na dare a Kano in sanyi ya shiga.